Gado a Jirgin Ƙasa Ba Almubazzaranci Ba Ne

A watan Disambar 2016 kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, ya tsame hannunsa daga jiragen dare masu gado, ya ce asara kawai suke jawo masa. Sai kamfanin Ostiriya, ÖBB, ya sayi wasu daga taragan, ya karɓi wasu layukan, ya raɗa musu suna Nightjet. Yau shi ke kan gaba a wannan harka a Turai, har ya sa kamfanin Siemens ya ƙera masa sababbin taragai.

Ni a ganina Ostiriya ce ta fahimci abin. Mai sayen gado a jirgi ba gudu ya zo nema ba. Daren da dama zai kwana shi ya mayar tafiya. Ya shiga bayan isha, ya miƙe ƙafa, gari na wayewa ya sauka a tsakiyar wani birni, bai biya kuɗin otal ba, bai kashe yini a hanya ba.

Amma Jamusawa ba ƙarya suka yi ba. Taragon da aka jera wa gadaje da ƙyar yake ɗaukar rabin mutanen da zai ɗauka a zaune. Jirgin rana yakan je ya dawo sau da yawa, na dare kuwa sawu ɗaya zai yi, sai ya wuni a fake. Ga wankin zannuwa, ga ma'aikatan da ke kwana ido biyu, ga kuɗin bin layin kowace ƙasa da aka ratsa. Shi ya sa da gwamnatin Faransa ta janye tallafi, jiragen Nightjet daga Faris zuwa Biyana da Balin suka tsaya a Disambar 2025, alhali ba fasinja suka rasa ba.

To ina mafita? Ba a ɗakin alfarma mai wurin wanka take ba, wanda sai mai hannu da shuni. Tana wajen gado mai araha. A sababbin taragan da ÖBB ya fara sawa a ƙarshen 2023 akwai wani ɗan lungu na mutum ɗaya: katifa, fitila, wurin cajin waya, ɗan tebur, da ƙofar da ake ja a kulle. Ba a iya miƙewa tsaye a ciki, gaskiya wani ma zai ce akurki ne. Amma macen da ke tafiya ita kaɗai ta san darajar ƙofar nan.

Wannan ba labarin Turawa kaɗai ba ne. 'Yan uwanmu na Kamaru sun daɗe da sanin jirgin Yawunde zuwa Ngaundere, tafiyar fiye da kilomita 600 da ake yi cikin dare, da ɗakuna masu gado biyu da masu huɗu. Jirgin kan tsaya a Belabo da tsakar dare, masu talla su yi ta miƙo ayaba ta taga. Da safe a sauka, masu zuwa Garwa da Marwa da Chadi su nemi mota. Yakan yi latti, wani lokaci sosai. Duk da haka ɗan kasuwa ko tsohuwa mai ciwon baya, in dai da hali, gado suke nema.

A Najeriya ana ta shimfiɗa sabon layin dogo: Abuja zuwa Kaduna tun 2016, Legas zuwa Ibadan a 2021, ga na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi ana kan aiki. Ranar da sabon layin ya haɗe Legas da Kano, tafiya ce ta sama da kilomita 1,000, daidai dare guda. Na san harin da aka kai wa jirgin Kaduna a Maris ɗin 2022 bai bar zukatan mutane ba, kuma babu mai runtsawa a jirgin da ba a tsare hanyarsa ba. Tsaro ne farko. Amma masu sayo taragai su sa na gado cikin lissafi tun yanzu, kuma su fi yawaita masu araha.