Daga Ɗakin Bincike Zuwa Masana'anta: Sharhi a Kan Ƙoƙarin Gwamnati na Raya Masana'antun Kimiyyar Halittu a Yankin Abuja

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi nazarin ƙoƙarin da Gwamnatin Tarayya ta yi, tun daga shekarar 1987, na raya masana'antun kimiyyar halittu a yankin Abuja. Abin da muke nufi da wannan suna kuwa shi ne masana'antun da ke sarrafa ilmin tsirrai da dabbobi da ƙwayoyin cuta su fid da magani, ko allurar rigakafi, ko ingantaccen iri. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, gwamnati ta yi rawar gani wajen kafa cibiyoyin bincike, amma ta ɗauka kafa cibiya shi ne kafa masana'anta. Za mu kafa hujja da tarihin magani guda ɗaya, sa'an nan mu kwatanta da wata jiha ta Amurka, kana mu ba da shawarwari.

2.0 Abin da Aka Gina

A 1987 aka kafa Cibiyar Binciken Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, watau NIPRD, wadda ke Idu. A 1993 aka kafa Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda a kan hanyar Lakwaja. A 2001 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da bunƙasa fasahar sarrafa halittu, ita ma a Abuja. Ke nan cikin shekara goma sha huɗu an tara manyan hukumomi uku a yanki ɗaya. Duk wanda ya dubi wannan tsari a takarda zai sa ran ganin kamfanoni sun tsiro a kewayensu, kamar yadda kasuwa kan tsiro a bakin tasha. To, ko hakan ta samu?

3.0 Tarihin Niprisan

Ciwon amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, ya fi addabar Nijeriya bisa ga kowace ƙasa. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara a ƙasar nan. Saboda haka ba ƙaramin abu ba ne da masanan Idu, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, suka karɓi wani haɗi na gargajiya daga hannun Rabaran Paul Ogunyale, suka tace shi, suka auna shi, suka sa masa suna Niprisan. Tsirrai huɗu ne a cikinsa: masoro, da kanumfari, da ganyen dawa, da wani itace ɗan'uwan madobiya wanda Yarbawa ke kira osun. A 1998 aka yi rajistar haƙƙin mallakarsa a Amurka. A 2001 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a kan majinyata 82, wanda ya nuna maganin yana rage yawan tashin ciwon.

Har zuwa nan babu abin da za mu ce sai yabo. An girmama ilmin gargajiya, an kuma bi ƙa'idar kimiyya. Daga nan ne tafiya ta soma tangarɗa. A 2002 aka ba wani kamfanin Amurka mai suna Xechem lasisin yin maganin da sayar da shi, shi kaɗai. A watan Yuli na 2006 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi da sabon suna, Nicosan, ana kuwa yin sa a Sheda. A ƙarshen 2008 uwar kamfanin a Amurka ta kai kanta kotu a kan ta karye, a 2009 gwamnati ta janye lasisin. Magani ya yi wuyar samu, majinyatan da suka saba da shi suka koma gidan jiya. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker.

4.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Kuskure na farko shi ne ɗora kaya duka a kan jaki ɗaya. Lasisin da aka keɓe wa kamfani guda ya sa makomar maganin ta rataya ga aljihun wannan kamfani. Da ya durƙusa, babu na biyu da zai karɓa nan take. Wani zai ce ai babu mai zuba jari sai an ba shi tabbacin ba shi da kishiya. Haka ne, amma akan gindaya sharaɗi: in mai lasisi ya gaza fid da adadi kaza cikin wata kaza, haƙƙin ya koma ga wani. Shekara tara tsakanin 2009 da 2018 shaida ce cewa ba a tanadi mafita mai sauri ba.

Na biyu, an gaggauta biki kafin a kammala bincike. Gwaji a kan mutum 82 mafari ne, ba ƙarshe ba. Masanan da suka yi bitar sakamakon daga baya sun yaba, amma sun nemi a yi babban gwaji a asibitoci da dama. Irin wannan gwaji shi ke sa likita ya rubuta magani ba tare da ɗar-ɗar ba, shi ne kuma ɗan kasuwa mai ƙaramin jari ba ya iya ɗaukar nauyinsa. Nan ne ya kamata kuɗin gwamnati ya fi shiga.

Na uku, rashin juriya. Wannan ba a Abuja ya fara ba. Ɗakin yin allurar rigakafi na Yaba a Legas ya yi aiki daga 1940, yana yin rigakafin agana da shawara da cizon mahaukacin kare, har yana aika wa maƙwabta. A 1991 aka rufe shi da niyyar gyara, bai sake komawa aikinsa na da ba. An yi yarjejeniyar farfaɗo da yin rigakafin a 2005, aka sake sabunta ta a 2017. Wanda duk ya san wannan sana'a ya san cewa in aka rufe masana'anta, ba injuna kaɗai ke tsatsa ba, ƙwararrun hannaye ma watsewa suke yi.

5.0 Kwatanci da Karolina ta Arewa

Jihar Karolina ta Arewa a Amurka da noman taba da saƙa aka san ta. A 1959 shugabanninta suka keɓe fili a tsakiyar jami'o'i uku don kamfanonin bincike. Shekarun farko ba su yi armashi ba, sai a 1965 da kamfanin IBM ya amince ya zo. A 1984 jihar ta kafa cibiyar fasahar sarrafa halittu, wadda aikinta ba bincike ba ne, haɗa jami'a da ɗan kasuwa ne da tallafa wa ƙananan kamfanoni. A 2003 kuma aka ware wajen dala miliyan 60 daga diyyar da kamfanonin taba suka biya, don horar da ma'aikatan masana'antun magani a jami'o'i biyu da ƙananan kwalejoji. Ba mu ce halinsu da namu ɗaya ba ne, don suna da lantarki da jari waɗanda mu ba mu da su. Amma abubuwa biyu ba sai da arziki ake koyonsu ba: ɗorewar manufa ko da an sake gwamnati, da kuma kula da ma'aikaci na tsaka-tsaki.

6.0 Shawarwari da Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawara kamar haka. Da fari, duk lasisin da cibiyar gwamnati za ta bayar ya zo da wa'adi da kuma magaji. Na biyu, gwamnatocin tarayya da na jihohi su ɗaure kansu da sayen wani adadi na maganin gida da aka tabbatar da ingancinsa don asibitocinsu, domin banki ba ya ba da rance ga wanda ba shi da mai saye. Na uku, wanda ya fi shafarmu mu malamai, a haɗa kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilmi da waɗannan cibiyoyi. Masana'anta tana bukatar farfesa ɗaya, amma tana bukatar mutane da yawa masu iya awo, da tsabtace kayan aiki, da rubuta kowane mataki a littafi ba tare da ha'inci ba. Waɗannan kuwa daga hannun malamin kimiyya na sakandare suke fitowa, shi kuma daga hannunmu.

A ƙarshe, muna ganin ma'aunin nasara ba yawan hukumomi ba ne. Ma'aunin shi ne, uwar yaro mai sikila a Gwagwalada ko Funtuwa ta je kantin magani bana ta samu, ta koma baɗi ta sake samu, a farashin da za ta iya biya.