Aro ko Sata? Rigimar Mallakar Fasaha a Ruwan Bagaja da Maƙamatul Hariri

Gabatarwa

Tun daga shekarun 1990 muhawara a kan satar fasaha ta zauna da gindinta a fagen nazarin adabin Hausa, kuma biyu daga cikin waɗanda suka yi fice a cikinta 'yan kudancin Katsina ne, wato Ibrahim Malumfashi, wanda ya bi diddigin tushen labaran Abubakar Imam, da Ibrahim Sheme na ƙasar Faskari, kusa da Funtua, wanda ya buɗe wa masu muhawarar fili a jarida. A wancan lokaci an zargi marubutan soyayya na Kano da kwashe finafinan Indiya, su kuwa masu kare su suka ce ai Imam ma abin da ya yi ke nan da littattafan Larabawa da na Turawa. Wannan maƙala za ta dubi Ruwan Bagaja tare da tushensa, domin nuna cewa gano inda marubuci ya ɗebo labari somin tabi ne kawai, kuma hukunci na gaskiya yana ga abin da ya yi da shi bayan ya ɗebo.

Tushen Littafin

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, kuma Ruwan Bagaja yana cikin littattafai biyar da aka buga daga wannan gasa. Imam a lokacin malami ne a Makarantar Midil ta Katsina, bai wuce shekara 22 da haihuwa ba. Littafin yana da ginshiƙai biyu. Na farko shi ne tafiyar Alhaji Imam neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, tafiyar da ta kai shi har duniyar aljannu, wadda kuma manazarta suka danganta da tatsuniyar ruwan rai ta 'yan'uwan nan Grimm na Jamus. Na biyu shi ne wasan kura da ake yi tsakanin Alhaji da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, inda duk garin da suka haɗu sai ɗaya ya ɗaure ɗaya da dabara, a gari na gaba kuma wanda aka ɗaure ya rama. Wannan ginshiƙi na biyu Imam da bakinsa ya ce daga Maƙamatul Hariri ya samo shi, littafin da malaman zaure a ƙasar Hausa suka daɗe suna karantar da manyan ɗalibai domin sanin lugga.

Shi Ma Hariri An Tuhume Shi

Abin ban dariya shi ne, wanda aka ara daga gare shi ma bai tsira daga tuhuma ba. Hariri, mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122, ya faɗi a gabatarwar littafinsa cewa sawun Badi'uz Zaman Hamazani yake bi, wanda ya riga shi da fiye da shekara 100. Duk da haka, kamar yadda Ibn Khallikan ya kawo a littafinsa na tarihin mashahuran mutane, da Hariri ya kai maƙamomi 40 Bagadaza sai wasu ma'abota adabi suka ce ba nasa ba ne, na wani Bamagribe ne da ya rasu a Basra, takardunsa suka faɗa hannun Hariri. Waziri ya kira shi, ya ba shi batu, ya ce ya rubuta nan take. Hariri ya koma gefe da alƙalami da tawada, ya daɗe yana tsigar gemu, amma ko layi bai zo masa ba, har aka yi masa waƙar zambo. Da ya koma gida sai ya rubuta wasu 10, suka cika 50, ya aika da su, ya ce kwarjinin fada ne ya ɗaure masa kai.

Darasin wannan labari ya shafi batunmu kai tsaye. Hariri bai wanke kansa da rantsuwa ko da shaidu ba. Abin da ya wanke shi shi ne ya sake yin irin aikin, aka ga hannun ɗaya ne. Haka Imam: bayan Ruwan Bagaja ya zo da Magana Jari Ce, kundi uku, tsakanin 1937 da 1939, wanda shi ma cike yake da labaran Alfu Laila da na Turai da na Indiya, amma duk wanda ya karanta su biyun ya san murya ɗaya ce ke magana.

Abin Da Imam Ya Sauya

A wajen Hariri ayyukan mutanen biyu a rabe suke. Abu Zaid shi ne mai wayo, Harisu ɗan Hammam shi ne mai ba da labari, wanda sau da yawa sai an gama ruɗar jama'a sannan ya gane cewa tsohon nan dai ne. Makamin Abu Zaid kuwa balaga ce: saja'i da baƙin kalmomi da wasa da haruffa, abin da sai mai zurfin Larabci ke jin daɗinsa. Imam ya rushe wannan tsari ta hanyoyi uku. Da farko, ya mai da mai ba da labarin shi ma ɗan damfara, saboda haka aka sami kishiyoyi biyu masu sana'a ɗaya, kowanne yana koyon dabarar ɗan'uwansa yana juya ta a kansa. Na biyu, ya sauke dariyar daga kan kalma ya ɗora ta a kan aiki, a kasuwa da masauki da gaban alƙali, wuraren da kowane Bahaushe ya sani. Na uku, ya ɗinke labaran da zaren tafiya guda mai mafari da maƙasudi, alhali kowace maƙama ta Hariri cin gashin kanta take yi.

Manomin Funtua zai fahimci bambancin da sauƙi. Irin audugar Allen da aka yaɗa a wannan yanki a zamanin Turawa daga Amurka ya fito, aka riƙa ninka shi a gonar Daudawa, amma babu wanda ya taɓa cewa audugar da ake kaiwa injin gurza na Funtua ta Amurka ce. Wanda ya karɓi iri ya yi noma daban yake da wanda ya shiga gonar wani da dare ya tsince.

Inda Tuhuma Take Da Ƙarfi

Wannan bai wanke littafin gaba ɗaya ba. Ruwan Bagaja ya fito ba tare da wani bayani ga mai karatu a kan tushensa ba, saboda haka ɗalibai masu yawa suka tashi suna ɗauka kome daga kan Imam ya fito. A nan Hariri ya fi shi, domin shi ya ambaci magabacinsa a cikin littafin kansa. A al'adar baka wannan ba laifi ba ne, tun da mai tatsuniya ba ya cewa shi ya ƙaga Gizo, kuma kirari da karin magana kayan kowa ne. To amma da zarar an buga littafi, an sa sunan mutum guda a bango, an sayar, to an shiga wata al'ada mai nata sharuɗɗa. Amfanin aikin Malumfashi shi ne ya cike wannan giɓi, ya ba manazarci damar ajiye tushe da reshe kusa da juna ya auna.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, tambayoyi biyu ne ya kamata malami ya koya wa ɗalibi ya yi wa kowane littafi da aka ce an kwaso shi, ko na Imam ne ko na marubucin Kano: me ya rage idan aka cire abin da aka aro, kuma an faɗa wa mai karatu an aro? A tambaya ta farko Ruwan Bagaja ya ci jarrabawa, domin ko an mai da wa Hariri da Grimm kayansu, Malam Zurƙe yana nan, kuma babu wani gida da ya san shi sai na Hausa. A ta biyu kuwa da sauran magana, kuma girman Imam ba dalili ba ne na a ƙi yin ta.