Gandu a kwarin Gulbin Maraɗi: gadon da rabo ke cinyewa

Tun lokacin da Katsinawa suka kafa Maraɗi bayan jihadi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836, arzikin gida a kwarin Gulbi yana kan gandu ne: babbar gona wadda mai gida da ƙannensa da 'ya'yansa, har masu aure, suke nomawa tare.

Gandu yarjejeniya ce mai haƙƙi ta kowane ɓangare. A wasu kwanakin mako kowa yana gandu da hauyarsa. Sauran kwanakin mata da samari su koma gamanarsu, ƙaramar gonar da amfaninta nasu ne, su ci ko su sayar. Mai gida kuwa shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, ya yi wa saurayi auren fari, ya yanka ragon suna. Bayan kaka yakan ɗebar wa mata rabonsu na hatsi, sannan ya rufe rumbun gandu. Ba za a sake buɗe shi ba sai ruwa ya sauka, lokacin da aiki ya yi nauyi, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. Wannan rufaffen rumbu shi ne ya riƙa raba gidaje da yunwa. Da irin wannan taron hannu ne kuma manomi yake haɗa dami dubu, a yi masa biki, a kira shi sarkin noma.

Kuɗi ne suka fara tsinka igiyar. Da Faransawa suka sa haraji da kuɗi, kamfanoninsu suka buɗe sayen gujiya a Maraɗi, saurayi ya gane gamanarsa tana iya ba shi abin aure ba sai ya jira tsoho ba. Farin 1973 zuwa 1974 ya karya noman gujiya, na 1984 ya ƙara tura matasa cin rani Katsina da Kano da Legas. Jama'a kuma ta yi yawa: ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum miliyan 3 a jihar Maraɗi. Daji ya ƙare, babu sauran saran sabuwar gona. Yau in mai gida ya rasu, ana auna gandu a raba, kowa ya samu ɗan yankin da ba ya ciyar da iyalinsa, mai buƙata ya jinginar ko ya sayar wa alhazan birni. Mata su ne ke fara rasa gamana.

Jiratawa, a cikin wannan kwari, ta nuna cewa ƙasar ba ta gaji ba. Da aka shimfiɗa filin ban ruwa a farkon shekarun 1980, aka raba shi ƙananan filaye, manoma suka riƙe shi da kayan lambu da zogalen da ake yanka sau da yawa a shekara. Sai dai famfo da taki da kuɗin wuta sun yi wa mai ƙaramin fili nauyi, aikin gidan da ya haɗa kai ne.

Gidajen da suka gaji gonakin inabi a Faransa su ma sun sha matsalar rabon gado. Dokar 1804 ta wajabta raba gado tsakanin 'ya'ya. A Burgoni, gonar Clos de Vougeot mai kusan hekta 50 yau tana hannun mutum wajen 80. A Bordo kuwa gidaje da yawa sun mai da gonar kamfani, magada suka raba hannun jari, ƙasar ta zauna ɗaya.

A kwarin Gulbi, Shari'ar Musulunci ta ba kowane magaji rabonsa, namiji da mace, kuma babu mai ikon taɓa shi. Amma ba ta hana magada su yarda a bar gona dunƙule a riƙa raba amfaninta ba. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ke iya rubuta irin wannan yarjejeniya. Gandun da ya dogara da kalmar mai gida kaɗai ba zai dawo ba, domin saurayin yau ba zai yi noman da bai san rabonsa ba. Wanda zai ɗore shi ne wanda aka rubuta kason kowa a takarda, har da na 'ya'ya mata, tun mai gida yana raye.