Sarauniyar Lugu a hannun yara: nazari kan ƙagaggen labarin tarihi

Yaron lakwal a Maraɗi ko Tawa, in aka tambaye shi wa ya tsaya wa Nasara a ƙasar nan, da wuya bai ambaci Sarauniya Mangu ba. Amma Sarauniyar da ya sani, yawancin kamanninta daga littafi guda suka fito, watau Sarraounia na Abdullahi Mamani, wanda aka buga da Faransanci a Paris a 1980, sai kuma silima da Med Hondo ya tsamo daga cikinsa a 1986, wadda ta ci babbar kyautar bikin silima na Wagadugu a 1987. Mamani bai rubuta littafin domin yara ba, amma yara ne suka gaje shi, ta bakin malamansu da ta taƙaitattun littattafai irin wanda Halima Hamdane ta fitar a 2004. Saboda haka ya cancanci a auna shi da ma'aunin abin da ake ba yaro.

Abin da tarihi ya tabbatar kaɗan ne. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta nufi tafkin Cadi, ta auka wa Lugu, garin Azna a ƙasar Dogon Dutsi. Mutanen garin suka yi tsayayya da baka da kibiya, sa'an nan suka janye cikin kurmi, rundunar ta wuce gabas. A watan Mayu ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori, shi da aka aiko daga baya ya karɓe rundunar, kuma cikin kwana uku sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Takardun Faransawa ba su ba Sarauniya fiye da ƴan layuka ba.

Daga waɗannan ƴan layuka Mamani ya gina mace sukutum: ya ba ta ƙuruciya, ya ba ta uban riƙo mai suna Dawa wanda ya koya mata harbi da sanin itatuwan magani, ya sa mata jawabi a baki. Wannan ba laifi ba ne, aikin mai ƙaga labari ke nan, kuma ya yi shi da gwaninta. Mutumin da ya yi gwagwarmaya cikin Sawaba, ya sha gudun hijira da kurkuku, ya san abin da yake nema: jaruma wadda dukan ƴan Nijar za su ce tasu ce. Ya kuwa samu. Inda maganar take shi ne, babba yana karantawa ya san an ƙara gishiri, yaro kuwa yana haɗiye gishirin da naman a matsayin tarihi.

Abu na farko da ke salwanta shi ne ma'anar sunan kansa. A Lugu, Sarauniya sarauta ce ta addinin gargajiya, mata suna gadonta ɗaya bayan ɗaya, an yi wasu kafin Mangu, an yi wasu bayanta. Mai riƙe da ita mai tsaron al'ada ce da tsafin gari, ƙarfinta a nan yake. Littafin ya fi son ta da makami a hannu, tana gaban mayaƙa, domin irin wannan jarumi ne mai karatun zamani ya saba gani. Yaron da aka ba wannan hoto kaɗai ya sami jaruma, amma ya rasa sanin yadda Azna suka tsara mulkinsu, alhali wannan ma tarihin ƙasarsa ne, kuma ya fi wuyar samuwa a wani wuri.

Na biyu ya fi nauyi. Labarin yana jan mai karatu ya ɗauka cewa asirin Sarauniya ne ya rikita Nasaran biyu har suka halaka. Daɗin ji gare shi, ba shakka. Sai dai yana rufe tambayar da ta fi amfani ga yaro: su wa ke riƙe da bindigogin? Turawan rundunar ba su kai goma ba. Sauran ɗaruruwan sojoji da masu dako baƙar fata ne, an kwaso su daga ƙasashen yamma, wasu bisa tilas. Su suka ƙone garuruwa bisa umurni, su ne kuma suka juya bindiga kan shugabanninsu bayan Voulet ya shaida musu ya fita daga biyayyar Faransa. Mamani, a yi masa adalci, bai ɓoye waɗannan sojoji ba, bai kuma ɓoye sarakunan da suka ƙi kai wa Lugu gudummawa ba. Masu taƙaita labarin domin yara ne ke da halin zubar da wannan ɓangare, don sun ga ya yi ɗaci, sai a bar yaro da fari da baƙi kawai.

Adabin Hausa ya riga ya gwada hanyoyin biyu tun 1934, a littattafan gasar Zariya. Ganɗoki na Bello Kagara ya fara da yaƙin Turawan Ingila, amma da aka ci jarumin da yaƙi sai marubucin ya kai shi duniyar aljannu ya rama a can. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya ɗauki yaro ƙarami da aka sace, aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa, ya nuna bauta ta idon wanda ta faɗa wa. Na farko ya fi sa yaro tsalle. Na biyu ya fi zama a zuciya, kuma shi ne tafarkin da labarin 1899 yake jira. Bubu Hama ma, tare da Andrée Clair, ya bi shi a L'aventure d'Albarka na 1972, inda yaro ke ba da labarin shigarsa lakwal ta Nasara.

Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, bukatar littattafan karatu da Hausa ta ƙaru, kuma labarin Lugu na cikin na farkon da za a nema. Mai niyyar rubuta shi yana da kayan aiki da Mamani bai taɓa ba: yarinyar da ta kwana cikin kurmi ranar da aka ci garin, ko yaron mai dako da ya ɗauko akwatin harsashi tun daga bakin kogin Kwara. Hanyar da rundunar ta bi tana nan, garuruwan suna nan da sunayensu, kaburburan Voulet da Chanoine ma suna nan a Maijirgi, gefen hanyar Tasawa zuwa Damagaram.