2.2 Kalmar "Dangi" a Nazarin Asalin Harsuna

A Hausar yau da kullum, dangi su ne mutanen da suka haɗa kaka ɗaya, ko da kuwa kakan ya daɗe da rasuwa, zuriyarsa ta warwatsu. Wannan ma'ana ce masu nazarin harshe suka ara domin ambaton harsunan da suka fito daga tushe guda. Wasu marubuta sun fi son "iyali", amma wannan bincike yana ganin kalmar ba ta dace ba. Iyali a wurin Bahaushe su ne mata da 'ya'yan da ke ƙarƙashin maigida mai rai, alhali harshen da ya haifi Hausa ya shuɗe tuntuni, ba a ma taɓa rubuta shi ba.

Greenberg (1963) ya sanya Hausa cikin harsunan Cadi, wato reshe ɗaya na dangin Afro-Asiya. Daga baya Newman (1977) ya karkasa na Cadin, ya ajiye Hausa a rukunin Yamma tare da Bolanci da Angasanci da Ngizim. Kalmomin gado su ne hujja, misali "huɗu" a Hausa da "fəɗu" a Ngizim.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne Larabci. Gaskiya ne dangin Hausa ne, amma na nesa, domin shi a reshen Samawa na Afro-Asiya yake. Sau da yawa akan kawo "littafi" da "alƙalami" da "alƙali" a matsayin shaidar wannan zumunci. Waɗannan kuwa aro ne da ya shigo ta hanyar addini da fatauci. Har yanzu "al" ta Larabci tana manne a goshin biyun ƙarshe. Ita kanta "iyali" ararriya ce. Shaidar gado tana wurin da ba a cika aro ba: "mutu" da "maata", "me" da "maa", da kuma lamiran mallaka, kamar "gidanka" da "gidanki" a gefen "baituka" da "baituki".

Kalmar "dangantaka" ce ta ƙara dagula lamarin, saboda Bahaushe yakan yi amfani da ita ga maƙwabtaka da auratayya da ciniki. Ta wannan fuska Hausa tana da dangantaka mai ƙarfi da Fulatanci, amma ba danginta ba ne, domin Fulatanci yana cikin harsunan Nijar-Kwango. Haka Barbarci, duk da daɗaɗɗiyar cuɗanyar Hausawa da mutanen Barno.