Ta'aliƙi a kan baitin gashi

A gefen wannan baiti na Mu'allaƙar Imru'ul Ƙaisi, mai kwafi ya rubuta da ajami: gashi dogo, baƙi, mai ƙamshi.

Na ce: fassarar ta rage, kuma ta ƙara. Ka lura, ya kai ɗalibi, sha'irin bai auna gashin da kamu ba. Ya kamanta shi da ƙinwu, wato nonon dabino mai cunkoso, kalmar da jam'inta ya zo a Suratul An'am, aya ta 99. Wanda ya taɓa tallabar nonon dabino ya san nauyinsa da yadda yake cika hannu. Abin nufi ke nan. Shi ya sa a wata ruwaya ta baitin da ke biye, matsefi ma ɓacewa yake cikin kitson.

Ƙamshi kuwa ba nan gurbinsa yake ba. Kanumfari yana can farkon ƙasida, ɓarɓashin almiski kuma yana gaba, bisa shimfiɗarta.

Wanda ya haddace "dogo" kaɗai, zai isa ayar bai ga dabinon ba. Allah ne Mafi sani.