Alƙaluman BAC ba sa ƙirga wanda ya ɓace a hanya

Duk shekara, da an bayyana sakamakon BEPC da BAC, zance ɗaya ake ji a Damagaram, daga Birni har Zongo: wai ƴan lakwal na yanzu malalata ne, waya ta cinye su. A 2021, da BEPC ta faɗo wajen ɗalibi ɗaya cikin biyar a faɗin Nijar, haka manya suka yi ta faɗi a fada. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ga dalilina.

Kashi cikin ɗari yana ƙirga wanda ya zauna jarabawa ne kawai. Bai san da wanda ya bari tun a siziyam ba. Ku tuna da waɗanda muka fara koleji tare. Ina suke? Wanda muke benci ɗaya yana kabu-kabu. Wani ya tafi Kano cin rani, bai dawo ba. Ƴan matan kuwa, an ɗaura wa da yawa aure kafin turwaziyam, a ƙasar da uku cikin huɗu na mata ke aure kafin shekara 18. In ka shiga tarminal C ko D ka ƙirga mata, ba sai an yi maka bayani ba.

Su ma waɗanda suka kai lise ba ɗaya suke ba. Akwai ɗan ma'aikaci, da wuta a gida da mai koya masa lissafi da dare. Akwai kuma wanda ya zo daga ƙauyukan Mirya, Magarya ko Tanut, yana zaune gidan mai masauki. A watannin zafi shi ake turawa neman ruwa tun asuba, ya iso aji ido ja. Takardar jarabawa ɗaya ake miƙa musu, da faransancin da ba a yi a gidan ko ɗaya daga iyayen na biyun. Ya faɗi, a ce bai yi ƙoƙari ba. Haba!

Mai hali kuma ya riga ya cire ɗansa ya kai makarantar kuɗi. Daga nan sai a jera sakamakon biyu a ce ta gwamnati ta mutu. To, wa aka bar mata? Talakawa, da aji cike maƙil, wani wurin ma rumfar zana, da malaman kwantaragi masu jiran albashi.

Mu ma da namu laifin. Muna girmama USN, muna tuna ƴan uwanmu da suka faɗi a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990. Amma yajin da muke yi kan ƙaramin abu, wa yake cuta? Ɗan makarantar kuɗi yana aji yana gama manhaja, mu muna kan titi. Watan jarabawa ba ya jiran kowa.

Abin da nake nema ƙarami ne. Kowace makaranta, daga Lise Amadu Kuran Daga har kolejin ƙauye, ta manna lissafi uku gefen sakamako: nawa suka shigo, nawa suka kai ƙarshe, mata nawa ne cikinsu. A ƙara ɗakunan kwanan ƴan mata irin na Kelle. Mu kuma, kowane ɗan tarminal ya riƙe ƙane ɗaya ɗan ƙauye su riƙa bita tare, ko sau ɗaya a mako. Jami'ar André Salifou tana nan cikin garinmu, amma ga yawancin abokanmu ta fi Yamai nisa.